Ku Tambaya Mu Amsa: Ina baƙar fata a fina-finan almara da na sararin samaniya?

Tambayoyin wannan watan kusan duk wuri ɗaya suka nufa, wato yadda ake nuna baƙar fata a fina-finai da littattafan almara, na tsafi da dodanni da kuma na kimiyyar gobe. Na zaɓi biyar daga Kebbi da Zamfara, wasu na rage musu tsawo saboda fili.

Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Gusau. Ɗiyata shekararta 9, baƙa ce kamar ni, kuma tana son katun a wayata kamar mi. Rannan na iske ta zana kanta a littafin makaranta ta bar fuskar fara ba ta shafa mata kala ba, ga gashi har baya, na ce wacece wagga ta ce ita ce in ta zama gimbiya, wai ba ta taɓa ganin gimbiya baƙa ba. Ƙanena kuma ya ce min an taɓa rigima a Amurka don an sa baƙa ta fito a 'yar ruwa. Gaskiya ne? In hana ta kallo ne ko ya zan yi?

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana ita. Ƙanenki ya faɗi gaskiya. Kamfanin Disney ya fitar da katun ɗin The Little Mermaid a 1989, 'yar ruwa fara mai jan gashi, to da suka tashi sake shi da mutane na gaske sai suka ɗauki wata mawaƙiya baƙa mai suna Halle Bailey, an sanar a 2019 fim ya fito a 2023, kuma a tsakanin nan ba irin zagin da yarinyar nan ba ta sha ba a intanet, manya da gemunsu suna kumfar baki wai labarin na ƙasar Denmak ne don haka dole ta zama fara. Halittar da rabinta kifi ne fa Hajiya, sun yarda da wutsiyar kifi sun yarda kaguwa tana waƙa amma launin fata ya tsaya musu a maƙogwaro. A ɗaya gefen kuma lokacin da tallan fim ɗin ya fito a 2022 iyaye sun yi ta ɗaukar bidiyon 'ya'yansu mata suna kallo, yarinya ta zaro ido ta juyo wajen uwarta da murna don ta ga mai kama da ita.

Ɗiyarki idonta ya gani daidai. Disney sun fara gimbiyoyinsu da Snow White a 1937, ba su yi baƙa ba sai Tiana a 2009, shekara 72, ita ma mafi yawan fim ɗin a siffar kwaɗo ta yi shi. Kuma abin yana shiga ran yara tun da wuri. A shekarun 1940 wasu masana biyu mata da miji, Mamie da Kenneth Clark, sun riƙa ajiye wa yara baƙaƙe 'yar tsana fara da baƙa suna tambayarsu wacce ce mai kyau, akasarin yaran suka nuna farar, har sai da aka kawo wannan bincike a shari'ar da kotun ƙolin Amurka ta yanke a 1954 ta haramta raba makarantun farare da baƙaƙe.

Kar ki hana ta kallo, in kin hana a gida za ta gani a maƙwabta. Ki zauna kusa da ita ki zaɓa mata, akwai wani katun Iwájú da ya fito a 2024 wanda wasu matasan Afirka suka yi da Disney, labarin wata yarinya a Legas ta gobe. Amma abin da ya fi damuna yana cikin gida. Ranar suna mata su taru su kama kunnen jaririya suna dubawa, wata ta taɓe baki ta ce wannan rinewa za ta yi, yayarta tana gefe tana ji. A tashi yabon amarya a ce fara ce sol kamar Balarabiya, shi kenan an gama yabo. Yarinyar da ta taso tana jin wannan ita ce za ta kai shekara 15 ta fara neman man bilicin, wanda wasu ke ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Ki tsawata wa duk mai tsokanarta da baƙi ko da kakarta ce, cikin ladabi, ki karanta mata aya ta 22 a Suratur Rum inda Allah ya lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyinsa, sannan ki sayo mata kala mai ruwan ƙasa ku zana gimbiyar tare.

Malam barka da aiki. Ɗalibi ne ni a Birnin Kebbi. Muna gardama da abokaina, ni na ce Black Panther ya share mana hawaye mu 'yan Afirka, su kuma suna cewa kasuwancin Turawa ne kawai. Wa ke da gaskiya?

Ƙanena, na fi karkata wajenka amma abokanka ma ba su yi ɓatan kai ba. Fim ɗin ya fito a 2018, daraktansa Ryan Coogler baƙi ne, kusan duk jaruman baƙaƙe, kuma ya tara sama da dala biliyan 1.3, wanda ya rufe bakin masu cewa fim ɗin baƙaƙe ba ya ciniki a wajen Amurka. Matar da ta tsara kayan sawa, Ruth Carter, ta ci kyautar Oscar a 2019, ita ce baƙa ta farko da ta ci a wannan fannin. Babban jarumin fim ɗin Chadwick Boseman kuma yana fama da ciwon dajin hanji ya yi aikin ba tare da duniya ta sani ba, ya rasu a watan Agustan 2020 yana da shekara 43. Duk wanda ya ga yadda yaran unguwa suka riƙa harɗe hannu a ƙirji a lokacin ya san an taɓa wani wuri a zuciya, ƙasar Afirka da ba a taɓa mulka ba, mai ɗakin binciken da yarinya baƙa ke shugabanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne kuma ba zan raina shi ba.

To amma mu duba Wakanda, ƙasar da aka ƙirƙira a fim ɗin, da kyau. Turawa biyu ne suka ƙirƙiro jarumin a 1966, Stan Lee da Jack Kirby. Yaren da ake yi a fadar sarki Xhosa ne na Afirka ta Kudu, barguna na mutanen Lesotho, zoben wuya na Ndebele, jan kaya irin na Masai, wasu da rawani irin na Buzaye, an tsinto nan an tsinto can an haɗa ƙasa ɗaya, kuma akasarin aikin a Atlanta aka yi shi. Afirka ce irin wadda jikan bayi a Amurka yake mafarki, wanda aka raba kakanninsa da gida har bai san garinsu ba, kuma yana da haƙƙin wannan mafarkin, ciwonsa na gaske ne. Sai dai kai da ka san gidan kakanka a Gwandu ko Kalgo ciwonka daban ne. Ka tuna inda arewacin Najeriya ya fito a fim ɗin? Dajin Sambisa, da dare, mata da hijabi a bayan motoci da 'yan bindiga, jarumi ya diro daga sama ya cece su ya wuce. Iyakarmu kenan, masu kamawa da waɗanda aka kama. A cikin Wakanda kanta ba ka ga masallaci ko makarantar allo ba, alhali miliyoyin baƙaƙen Afirka Musulmi ne, da Timbuktu da Kano da Sakkwato da duk littattafansu.

Akwai kuma abin da ya fi tsaya min a rai. Ƙarfin Wakanda daga wani ƙarfe ne a ƙarƙashin ƙasa da suka kira vibranium, suka ɓoye shi suka gina ƙasa da shi. Mu ma Allah ya ajiye mana zinari a Zamfara. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Dareta, Abare, 'Yargalma, Bagega, saboda ana kawo duwatsun zinarin cikin gida ana daka su ana niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ga dalma a cikin dutsen, ƙurar ta shiga jininsu, sama da yara 400 suka rasu kafin a shawo kan abin. A 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar saboda rashin tsaro. Ka ga tambayar da fim ɗin ya yi, wato me zai faru in arzikin ƙasa ya tsaya a hannun masu ƙasar, tambayarmu ce ta kai tsaye, kuma ɗan Anka ne ya kamata ya rubuta labarin Anka ta shekarar 2080 don shi ya san ƙarar injin niƙan da ƙurar da ke tashi. Kamfanin Marvel da ya yi fim ɗin ba zai yi mana wannan ba, ba aikinsa ba ne.

Malam ni sana'ata tura fim a waya a kasuwar Jega. Abin da na lura in fim na dodanni ne ko na 'yan sama jannati, baƙin cikinsu shi ka fara mutuwa ko ya zama mai ban dariya. Kwastomomi da sun gan shi sai su ce ga na farko nan. Da gangan suke yi?

Ba kowane fim ba ne amma al'adar ta daɗe har su kansu Amurkawa sun san da ita. Dalilin kuɗi ne da tsohon raini, masu zuba jari sun ɗauka Bature ba zai biya ya kalli baƙi a matsayin babban jarumi ba, sai a sa baƙi ɗaya don kar a yi magana, tunda kuma labarin ba nasa ba ne shi ya fi sauƙin kashewa. John Boyega, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya fito a Star Wars a 2015, a fostar da aka kai ƙasar Sin aka ƙanƙantar da hotonsa, kuma a 2020 ya fito fili ya ce an tallata shi kamar babban jarumi sannan aka ture shi gefe.

Wanda ya shafe mu kai tsaye shi ne District 9 na 2009, darakta ɗan asalin Afirka ta Kudu. Wasu halittu daga sararin samaniya sun sauka a Johannasbag, fim ɗin yana tausaya musu, amma 'yan Najeriyar ciki duk 'yan daba ne da karuwai da masu cin naman halittun don tsafi, shugabansu ma an ba shi suna mai kama da na Obasanjo. Ministar yaɗa labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta nemi a daina nuna shi a sinimomin ƙasar nan kuma a nemi afuwa. Marubuciya 'yar asalin Najeriya Nnedi Okorafor kuwa haushin fim ɗin ya sa ta fara rubuta littafinta Lagoon wanda ya fito a 2014, ta sauke nata halittun sararin samaniyar a Legas.

Abin da nake so ka riƙa lura da shi tunda kullum kana cikin fina-finan nan: duk labarin da ya nuna ƙabila guda sukutum mugaye ce tun daga haihuwa, ba yaro ba tsoho, a kashe su ba laifi, to yana koya wa mai kallo wani abu. Mu a wannan yankin mun san inda irin wannan tunanin yake kaiwa, mun ji ana yi wa Fulani kuɗin goro saboda 'yan bindiga, alhali rugage nawa aka kwashe wa shanu aka kashe musu mutane. Ita Okorafor ɗin a littafinta Noor na 2021 ta sa makiyayi Bafulatani cikin manyan jarumai, mutum mai son shanunsa da ake farauta da sunan ɗan ta'adda.

Ni tsohon malamin firamare ne mai ritaya a Ƙaura Namoda. Ɗana, mutanenmu na gudun hijira, noma ya gagara, kai kuma kana ɓata takarda kan aljanu da jirgin zuwa wata. Wanga ba shiririta ba ce? Kuma ba al'adarmu ba ce.

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Zafin da ke cikin wasiƙarka na ji shi, kuma littafi ba ya dawo da wanda aka ɗauke, wannan ba gardama. Amma kan cewa ba al'adarmu ba ce zan roƙi izini in saɓa, don ku kuka karantar da mu waɗannan littattafan. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar da aka yi a Zariya a 1933, jarumi ne Bahaushe da ya gwabza da Turawa sannan ya faɗa duniyar aljanu, an rubuta shi Turawan suna kan mulki. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ma daga gasar nan ya fito. A 1969, shekarar da aka sauka a wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya inda yaro Bahaushe ya yi tafiya sararin samaniya. Ga Gizo da Ƙoƙi da Dodo da kakanninmu mata suka raine mu da su.

Kan amfani kuma bari in kawo abu ɗaya. A 1966 aka fara wani shiri a talabijin ɗin Amurka, Star Trek, aka sa wata baƙa Nichelle Nichols a matsayin jami'a a jirgin sararin samaniya, a zamanin da aikin baƙar mace a fim galibi bai wuce aikatau ba. Ta so ta ajiye aikin, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙe Martin Luther King da kansa ya roƙe ta ta zauna. Wata yarinya a Chicago tana kallon shirin, Mae Jemison, ta girma ta zama likita, a watan Satumban 1992 ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya, kuma ita da bakinta ta ce wannan matar ce ta sa mata sha'awa. Yaran da ke zaune yau a sansanin 'yan gudun hijira Baba, in duk hoton gobe da suke gani a waya babu mai kama da su a ciki sai mai riƙe da bindiga, ina jin tsoron abin da za su ɗauka shi ne rabonsu.

Salam Malam. Ina rubuta littafi a guruf ɗin WhatsApp daga Argungu, labarin wata 'yar masunta da ke jin maganar ruwa. Na siffanta ta baƙa wuluk mai gajeren gashi, sai masu karatu suka yi caa wai in gyara, tauraruwa ba ta yin baƙa, wata ma ta ce in mai da ita ruwa biyu uwarta Balarabiya. Mutane sun fara fita daga guruf. In canza ne?

Ƙanwata kar ki canza ko gashi ɗaya. Wasiƙarki ce ta fi min zafi duk watan nan saboda babu Bature ko ɗaya a guruf ɗinki, mu ne da kanmu. Buɗe littattafan yaƙi da na soyayya da muke saye ki gani, gimbiya fara tas dogon hanci gashi har gadon baya, birnin sunansa kamar na Farisa, in kuma an ce ga baƙi ƙirin mai jajayen idanu to kin san bos ne ko aljani ko bawa. Mun gaji wani ɓangare daga Dare Dubu da Ɗaya, wanda tun a buɗewarsa baƙin bawa ne abin ƙyama, fina-finan Indiya suka ɗora nasu, namu na Kannywood ma a duba su wa ake ba matar jarumi su wa ake ba 'yar aiki. Alhali su kansu Larabawan babban gwarzonsu Antaru ɗan Shaddadu baƙi ne, uwarsa baiwa ce 'yar Habasha.

Abin da aka ce miki an taɓa faɗa wa manya. A 1967 wani babban edita a Amurka, John Campbell, ya mayar wa marubuci baƙi Samuel Delany littafinsa Nova da hujjar masu karatu ba za su karɓi jarumi baƙi ba, littafin ya fito a 1968 kuma har yau ana buga shi. Marubuciya baƙa Octavia Butler wanke-wanke take yi da aikin masana'anta, tana tashi tsakar dare ta yi rubutu kafin ta tafi aiki, ita ce ta rubuta Kindred a 1979, labarin baƙar mace ta zamani da ake fizgowa baya zuwa gonar bayi. N. K. Jemisin, ita ma baƙa, ta ci kyautar Hugo ta littattafan almara shekara uku a jere, 2016, 2017 da 2018, ba wanda ya taɓa yin haka kafin ita.

Shawara ta aiki yanzu. Baƙin fatarta kar ya zama shi ne labarin, kar ki tsaya kina ba ta haƙuri ko kina wa masu karatu wa'azi a kowane babi, ki siffanta ta yadda mai sonta zai gan ta, fatarta tana sheƙi in ta fito daga ruwa, ƙarfin damtsenta wajen jan homa, ki wuce. Abin da zai riƙe mutane shi ne ruwan. Kina zaune a bakin Matan Fada, garin da ake bikin kamun kifi tun 1934, ga Sarkin Ruwa, ga giwan ruwa da sai ƙarti sun taru su ɗaga, ga gidan tarihin Kanta a cikin gari, ga labarin Kanta da ganuwar Surame, duk wannan babu marubucin Legas ko Landan da zai rubuta shi kamar ke. Ki je wajen tsofaffin masunta da matansu ki tambaye su me suke yi kafin su shiga ruwa, wane gurbi ake tsoro, me ya canza tun da ruwa ya fara ja baya, sannan ki yanke wa baiwar yarinyar iyaka da farashi, in ruwa ya faɗa mata abu me take rasawa, don jarumar da komai ke yi mata sauƙi tana gundurar mai karatu ko wane launi ce. Inda labarin ya taɓa aƙida ki nuna wa malamin da kika yarda da shi kafin ki saki.

Waɗanda suka fita ki ƙyale su ki ci gaba da sakin babi a kan lokaci. Ki turo min babi uku na farko ta adireshin mujalla, zan kai wa edita da kaina mu ga ko za a samu fili a fitowa ta gaba.